La'adar Baba Labbo

Nasiru, ranar sunan 'yarka na ji kana ba abokanka labarin gidanmu na Argungu, har ka ce wani dillali ne ya cuce ni ya sa na sayar da shi da arha. Ban tanka maka ba saboda baƙi. Amma tun ranar maganar take ci na, domin na san ba kai ka ƙirƙire ta ba. A bakin yayata, Gwaggonku Kulu, kuka tashi kuna jin ta, ni kuma ina zaune ban taɓa gyara mata ba. To yau zan gyara, in rubuta muku da hannuna, kai da ƙannenka, tun idona yana ganin layi. Dillalin nan sunansa Baba Labbo, kuma bai cuce ni ba. Ni ne na cuce shi.

Abin ya faru ne shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi. Lokacin ni akawu ne a wani ofishin gwamnati a Argungu, kai kuma kana goye. Ba ku san ni a wancan zamani ba, shi ya sa sai na faɗa muku irin mutumin da nake. Ni mutum ne da littattafan soyayya suka raina. Duk ƙarshen wata sai na tsaya wurin mai tebur a bakin kasuwa na sayi biyu ko uku daga cikin waɗanda ake kawowa daga Kano, na sa su a aljihun babbar riga kamar wanda ya sato. Bayan la'asar in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in karanta wa uwarku, ita tana tsintar shinkafa a faifai. Idan saurayi ya yi kuka a cikin littafin sai muryata ta fara rawa, ita kuwa ta ɗago kai ta ce, wannan yaro ba shi da aikin yi ne? Duk da haka ba ta taɓa barin in tsallake shafi ba. Gidan namu ɗaki uku ne na ƙasa da rufin kwano, da zaure, da rijiya mai sanyin ruwa, da bishiyar lemun tsami da uwarku ta dasa satin da ta tare. Idan ka taka turmi ka leƙa ta katangar baya, kana hango fadama shar da shinkafa, da kwalekwalen masunta suna komawa gida. Ni a zuciyata babu gidan da ya kai shi a duk littattafan da na karanta.

Sai takarda ta zo aka ce an mai da ni Birnin Kebbi. Garin a lokacin ya cika ya batse da ma'aikatan da suka dawo daga Sakkwato, wasu a ofis suke kwana, ɗakin haya kuwa sai mai dogon hannu. Na sami wani kango a Gwadangaji, gefen garin, da mai shi ya gaji da gini, amma ba ni da abin sayensa sai in na rabu da na Argungu. Haka na kai gidan hannun Baba Labbo.

Baba Labbo dattijo ne siriri, mai farar riga da ta sha wanki har ta koma ruwan toka, da wata tsohuwar laima da ba ya rabuwa da ita. Ya fi shekara talatin a rumfar dillalai da ke gefen kasuwa, inda ake cinikin gidaje da gonaki. A rumfar nan babu takarda, babu sa hannu. Ka ce wa dillali na sa gidana hannunka, shi ke nan, sai ya shiga yawo da ƙafarsa yana nemo mai saye. In an taya, ya zo ya faɗa maka. Ka ce albarka in bai yi maka ba, ka ce na sallama in ya yi. Da zarar ka sallama, dillali zai koma rumfa ya kama hannun mai saye a gaban jama'a, a shafa fatiha. Daga wannan lokaci gida ya sayu, ko da ba a biya ko kwabo ba, domin bakin dillali shi ne takardar. Abin da ya sa mutane suke son Baba Labbo shi ne ba ya ɓoye aibi. Na sha jin sa yana nuna wa masu saye tsagar da ke bangon ɗakin tsakiya, ina hararar sa, shi kuwa ko a jikinsa.

Wata uku yana kawo mutane suna juyawa. Rannan sai ya zo da wani Alhaji mai fataucin albasa, wanda ya zaga gidan sau ɗaya yana auna bango da taku. Ba zama zai yi a ciki ba, rumbun albasa yake so. Ya ce zai fasa ɗakunan su zama ɗaya, ya sare bishiyar don iska ta riƙa ratsawa. Amma tayinsa ya fi na kowa, ya kuma ce zai biya in motocinsa sun dawo daga kudu, nan da sati biyu. Bayan ya tafi muka zauna a zaure ni da Baba Labbo.

"Akawu, ka ji abin da yat taya. Albarka ko sallama?"

"Na sallama, Baba."

"A'a, dakata. Ba ni son gaggawa. Shiga ciki ka sha ruwa, ka ji ta bakin mai ɗakinka. In ka hwaɗi kalmar ga, ni ka ɗaukar ta bisa kaina in kai kasuwa."

Na shiga, na fito, na sake cewa na sallama. Ya tashi ya buɗe laimarsa ya nufi rumfa.

Kwana huɗu bayan haka, ranar Asabar da hantsi, wani saurayi ya yi sallama, ya jingine kekensa a bakin zaure. Ya ce sunansa Shehu, malamin firamare ne, ya ji ana sayar da gida. Da na ce masa an riga an yi ciniki, da labarin nan bai samu ba. Amma sai na ce ya shigo ya sha ruwa. Muna zaune ya ba ni labarinsa. Shekara shida suna son juna da wata yarinya Rabi, 'yar masunta. Kowa ya yarda, har uban, sai dai tsohon ya rantse 'yarsa ba za ta tare a ɗakin haya ba. Shehu ya yi ta tari, ya sayar da 'yar gonar da ya gada, duk da haka abin da ya haɗa bai kai tayin Alhaji ba, ko kusa. Yana magana sai ya zaro wata wasiƙa daga aljihun gaba, wadda ta sha ninki har ta fara rabewa gida huɗu. Bai karanta mini ba, riƙe ta kawai ya yi. Sannan ya leƙa tsakar gida ya ga bishiyar lemun, ya ce a hankali, Rabi tana son inuwa.

'Ya'yana, ku yi mini uzuri ko kada ku yi, amma ga abin da na ji. Na ji kamar littafi ne ya taso da ƙafarsa ya shigo zaurena. Shekara da shekaru ina karanta labarin masoyan da suka rasa mai taimakonsu, ina cewa da ni ne a wurin da na yi kaza. To ga shi Allah ya kawo ni wurin. A gefe ɗaya buhunan albasa da gatari, a ɗaya gefen amarya a ƙarƙashin bishiyar uwarku. Ban ko yi dogon tunani ba. Bayan azahar na kira maƙwabta biyu su zama shaidu, ban gaya musu na riga na sallama wa wani ba, na sayar wa Malam Shehu gidan a kan abin da yake da shi. Ya kama hannuna da hannu biyu yana hawaye, ni ma ina yi. Na shiga cikin gida ina jin kaina kamar wani sarki mai adalci. Uwarku tana bakin murhu, ta ji komai ta bayan asabari.

"Malam, ka hwaɗa ma Baba Labbo?"

"Gobe zan same shi. La'adarsa zan ba shi cif, kamar shi ya yi cinikin. Me zai rasa?"

Ta daɗe tana gyara itace a wuta kafin ta ce, "Ni ma na ji tausan yaron ga. Amma ba cikin littahi muke ba hwa."

Washegari na sa la'adar a ambulan na same shi a gida. Na ba shi labari tiryan-tiryan, har da wasiƙar, ina jiran in ga idonsa ya kawo ruwa. Ya saurare ni har na gama, yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Akawu, ka sallama ko ba ka sallama ba?"

"Na sallama, Baba, amma ka ga yaron nan..."

"To."

Na tura masa ambulan. Ya turo mini ita da ɗan yatsa ɗaya.

"La'ada ta wanda yay yi ciniki ce. Wanga ban yi shi ba. Wanda niy yi kuwa, ka kashe shi. Tashi ka tahi, Allah shi sa albarka ga amarya."

Ya ɗauki laimarsa ya fita ya bar ni zaune, ashe wurin Alhaji ya nufa, shi kaɗai. Ni kuwa na ce a raina fushin tsofaffi ne, zai huce ya aiko a karɓa. Cikin satin na sayi kangon, muka loda kaya a mota muka koma Birnin Kebbi. Da Gwaggonku Kulu ta zo daga unguwar Nassarawa yi mana barka da zuwa, ta ji abin da aka sayi gidan, sai ta tafa hannu ta ce dillali ya haɗa baki da mai saye sun cinye ƙanenta. Kunya ta hana ni in ce ni na rage da kaina saboda wasiƙar wata yarinya da ban taɓa gani ba. Na yi shiru. Daga wannan shirun labarin da kuka sani ya fito.

Damina ta wuce, aka yanke shinkafa, sai ga goron bikin Malam Shehu. Aiki ya hana ni zuwa, uwarku ta goya ka ta tafi. Kwana biyu ta yi ta dawo. Na tare ta da murna ina tambayar amarya, ta ce amarya lafiya lau, kyakkyawa ce, ta kuma gaishe ni. Daga nan ba ta ƙara ba. Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma na ɗauko sabon littafi, na gyara murya. Ban kai ƙarshen shafin farko ba ta ɗora hannunta a kan takardar. Ba ta taɓa yi mini haka ba.

"Ruhe shi, Malam. Yau ni ka ba ka labari."

Ta ce ta biya gidan Baba Labbo gaisuwa, matarsa ta faɗa mata komai. Ranar da ya je ya gaya wa Alhaji ciniki ya tashi, Alhaji ya biyo shi har rumfa yana ɗaga murya, ya ce Labbo ya sayar da gida ɗaya ga mutum biyu, ya karɓi na goro a ɓoye wurin malamin makaranta. Aka tambayi Baba Labbo, ya ce shi dai ciniki ya tashi, Allah ya ba da haƙuri. Bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya, domin a wurinsu dillali ba ya tona asirin wanda ya sa kaya a hannunsa. Sai mutane suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce ya fasa sayar da gonarsa, wancan ya ce ɗan'uwansa zai zauna a gidan. Bayan kwana biyu ka ga kayan a hannun wani dillali. Da ya ga ya wuni sati uku babu mai ce masa komai sai sannu, ya naɗe tabarmarsa ya bar rumfar. Yanzu yana can bayan 'yan kifi yana tufkar igiya yana sayarwa.

"Na gan shi da idona," in ji uwarku. "Hannunshi duk ya tsattsage. Ya ɗauki Nasiru ya yi mai wasa, ya ce in gaishe ka. Gaisuwar ga ta hi komi yi min ciwo."

"Zan ninka masa la'adar. Gobe in aika."

"Ko ka ninka sau goma. Ba kuɗɗi kaɗ ɗauke mai ba, Malam. Abin da kaɗ ɗauka, cikin kasuwa kaɗ ɗauke shi, can kuma za ka mai da shi."

Na gane abin da take nufi, kuma na ji tsoro. A lokacin an ƙara mini girma, ina da tebur nawa da masu gaishe ni. Rabin ma'aikatan ofishinmu mutanen Argungu ne, abin da aka faɗa a kasuwar can da safe, kafin la'asar ya iso Birnin Kebbi. In je in tsaya a gaban dillalai da 'yan albasa in ce ni mai magana biyu ne? Sati guda ina kawo dalilai. Uwarku ba ta sake ɗaga maganar ba, ba ta ɓata rai ba, tuwona bai canza ba. Sai dai idan la'asar ta yi ba ta fitowa da faifanta, a ɗaki take tsintar shinkafarta. Ni kaɗai a tabarma da littafi a hannu, na karanta layi ɗaya sau biyar ban san me ya ce ba. Ana gobe kasuwar Argungu na dawo daga aiki na tarar ta wanke babbar rigata ta shadda, ta kai an buga, ta ninke ta a kan gado da hula a sama.

Na isa Argungu kasuwa ta fara cika. Na fara neman Baba Labbo bayan 'yan kifi, na same shi zaune a kan buhu, ya maƙale igiya a babban yatsan ƙafa yana murzawa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni.

"Kai, Akawu, koma gida. Kana da aiki, kana da iyali. Ni nawa ya rage min?"

Ban saurare shi ba, domin na san in na ƙara minti ɗaya a wurin zan karɓi wannan rangwamen. Na wuce rumfa na gaida shugaban dillalai, na roƙi a kira Alhaji mai albasa. Kafin ya iso mutane sun taru, don ba kullum ake ganin ma'aikaci da shadda tsaye a rana yana zufa ba. A mota na tsara jawabi mai daɗi irin na littafi, amma da na buɗe baki duk ya gudu. Abin da ya fito kaɗan ne. Na ce ni na sallama wa Alhaji gidana ta bakin Baba Labbo, ni kuma na juya na sayar wa wani ba da saninsa ba. Na ce bai karɓi ko kwabo a hannun kowa ba, wanda na kai masa ma ya mayar mini. Na ce wata da watanni yana ɗauke da laifina, ni ina Birnin Kebbi ina shan inuwa.

Sai Alhaji ya ce, "To don mi? An ƙara maka ne?"

"A'a, ragewa na yi."

"Ragewa? Kai ko lahiya kake?"

"Yaron aure zai yi, Alhaji. Shekara shida suna son juna."

Wani daga baya ya ce, "Soyayya!" Rumfa ta kwashe da dariya har masu kifi suna leƙowa. Alhaji ya riƙe haɓa yana kallona sama da ƙasa.

"Ashe ɗan boko na, mai baki biyu! Kai ka sai da gida don soyayyar wani, ni in zagi dattijo don taka wauta. Allah shi sawwaƙe!"

Na tsaya na sha dariyar nan har ƙarshenta. Kafin sati ya zagayo an laƙaba mini suna a ofis, Akawu Na-sallama, kuma ya bi ni har na yi ritaya. Ku kun sha jin abokaina suna kira na da shi kuna zaton wasa ne kawai. A gida kuwa ban gaya wa kowa abin da na je yi Argungu ba sai uwarku, shi ya sa Gwaggonku ta ci gaba da nata labarin.

Shugaban dillalai ya tashi da kansa ya je bayan 'yan kifi, ya kamo hannun Baba Labbo ya kawo shi, aka matsa aka ba shi wurinsa na da. Alhaji ya ce, "Labbo, yahe min," a gajarce, yana kallon gefe. Can sai wani tsoho manomi ya matso ya tsuguna, ya ce gonarsa ta fadama tana nan, in Baba zai karɓa ya sa ta hannunsa. Baba Labbo bai ɗago kai ba. Ya ce, "Na karɓa," muryarsa can ƙasa, na ga yana ɓoye tsagaggun hannuwansa a cikin hannun riga. Shugaban ya yanke cewa in biya la'ada, tun da dillali ya yi aikinsa har ƙarshe. Wannan karon Baba Labbo ya karɓa, ya sa a aljihu bai ko buɗe ba.

Kada ku ɗauka komai ya koma yadda yake, don a nan ne rayuwa ta bambanta da abin da na saba karantawa. Wasu sun dawo masa, wasu ba su dawo ba har ya rasu. Akwai waɗanda suka ji zargin amma ba su zo kasuwa ranar da na yi magana ba. Ban taɓa nadamar sayar wa Malam Shehu ba, a gidan suka haifi 'ya'yansu duka. Abin da nake nadama shi ne na yi kyauta da abin da ba nawa ba ne. Gidan nawa ne, amma kalmar da na karya ta riga ta zama ta Baba Labbo tun ranar da ya ɗauke ta ya kai rumfa.

Da la'asar ya ce sai ya raka ni tasha. Muka taho a hankali, ya buɗe laimar ya karkato ta wajena, ni da na girme shi da laifi shi ya girme ni da shekaru. Da muka isa mota ta kusa cika, na kama hannunsa na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun ranar, ya ce in gaida uwarku, in ce mata ya san aikin wace ce wannan. Na shiga na zauna. Har direba ya ta da mota sai Baba Labbo ya ƙwanƙwasa gilashi da kan laimarsa, na sauke.

"Akawu," ya ce, yana murmushi, idonsa jajir. "In ka tashi sai da na Birnin Kebbi, don Allah ka nemi wani dillali. Ni na tsuhwa."